Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sarakunan Hausawa Da Limamanmu Na Legas: A Kwance Huhun A Duba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago, Obalende da sauran unguwannin da mutanenmu suke zaune a Ikko. Allah ya gafarta malamanmu, limaman Juma'a da na masallatan unguwa. Ina gaida shugabannin 'yan goro, 'yan gwari, 'yan hatsi, mahauta da wanzamai. Ni ɗanku ne, a Agege aka yanke mini cibiya. Na san ladabi shi ne yaro ya zo zaure ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi, amma maganar da ke bakina ta fi ƙarfin zaure ɗaya, shi ya sa na rubuta ta a fili. In na yi kuskure a lafazi, a yi mini afuwa, zuciya ce ba ta gama sanyi ba.

Maganar wani bawan Allah ce da muke kira Baffa, da ciwon hantar da ya yi ajalinsa. Ba mu haɗa jini da shi ba. Aminin mahaifina ne tun suna samari, jirgin ƙasa ɗaya ya sauke su a tashar Agege, ɗaki ɗaya suka kama, kwano ɗaya suka ci har kowa ya yi aure. Shi ya sayi ragon sunana. Da mahaifinmu ya rasu, shi ya riƙe mana kuɗin makaranta ba tare da ya taɓa bari mahaifiyarmu ta buɗe baki ta roƙa ba, kuma shi ya karɓa mini aure. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mutum ne mai son rufin asiri, kuma iyalinsa suna nan da rai. Waɗanda suka san shi za su gane shi.

Ɗan goro ne. Fiye da shekara 40 yana wannan sana'a, yana saro kaya daga Shagamu yana turawa Arewa. Ina ƙarami nakan bi shi shago bayan asuba. Zai kwance huhu, ya ɗaga ganyen da aka lulluɓe goron da shi, ya yayyafa ruwa, sannan ya zauna ya dinga ɗaukar goron ɗaya bayan ɗaya yana juya shi a yatsu. Wani goron jawur, sumul, kai ka ce na kai wa sarki ne, sai ka ga ya ware shi gefe. In na tambaya, sai ya nuna mini wani ɗan ɗigo kamar bakin allura, ya ɓare goron da farce, ciki baƙi ƙirin. Ya ce, "Ka gani? Sankara ke nan. Waje lafiya lau, ciki ya tafi. Goro ba ya kiran ka ya ce ba shi da lafiya, kai za ka kwance ka duba. In ka yi sakaci, guda ɗaya ya ɓata maka huhu."

A farkon 2023 ya fara ramewa. Duk kun tuna lokacin, lokacin canjin kuɗi, da mutum zai kwana a layin banki ya dawo hannu rabbana, masu POS kuma suna yankar rabonsu a kan kowace dubu. Baffa ba ya harkar tura kuɗi ta waya, masu sayen kayansa yawancinsu tsofaffi ne irinsa, goro kuwa ba ya jiran kasuwa ta gyaru. Ya yi asara mai yawa. Saboda haka da aka ga ya daina cin abinci, hularsa ta fara yi masa yawa, sai kowa ya ce tunani ne. Da idonsa ya yi ɗorawa, aka ce shawara ce. Aka kawo jiƙo, aka kawo saiwa, aka aiko da garin magani daga gida. Mai kemis na bakin layi ya ce taifot ce da maleriya, ya ɗaura masa ruwa leda biyu. Wani ya zo ya raɗa wa uwargidansa cewa jifa ne, abokan kasuwa ne suka sa shi a gaba. Duk wanda ya kawo wani abu da zuciya ɗaya ya kawo, ban zargi kowa ba, har da ni a cikin masu ɗebo jiƙon. Amma wata biyar suka tafi a haka.

Sai bayan Babbar Sallah, da cikinsa ya kumbura, ƙafafu suka haye har takalmi ya daina shiga, sannan ya yarda muka tafi asibiti. A lokacin an riga an cire tallafin man fetur tun 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki. Baffa ba ya iya zaman danfo, kujerar katako da ramukan hanya sun fi ƙarfin cikinsa, dole sai shatar mota. Kuɗin zuwa da dawowa kaɗai ya isa cefanen gida na kwana biyu, ba a zo maganar gwajin jini da hoton ciki ba. Hoton da likita ta fi buƙata sai da muka yi sati biyar muna haɗa kuɗinsa.

Ranar da sakamako ya fito ni ne a gefensa, domin ni ne mai jin Turanci. Likitar matashiya ce, Bayarabiya, mai haƙuri, Allah ya saka mata. Ta fara tambaya ko Baffa ya san yana ɗauke da ƙwayar cutar hanta, wadda suke kira hepatitis B. Ni da shi babu wanda ya taɓa jin sunan. Sai ta juya allon kwamfuta ta nuna mini hantar, ta ce ciwon daji ne, ya mamaye wuri mai yawa, ya wuce a yi aiki a cire. Ta gwada yi masa bayani da Yarbanci, amma Yarbancin Baffa na ciniki ne, bai kai nan ba. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce hanta ce ta ɗan taɓu." Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ɗana, faɗa mini da Hausa." Na ce, "Sankara ce, Baffa." Ya yi shiru, ya dubi tafin hannunsa. Ya ce, "Ta ci ciki?" Na ce, "Ta ci." Ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin. Kada ka gaya wa mutanen gida tukuna."

Har yau in na rufe ido ina jin wannan tambaya tasa.

Ranku ya daɗe, abin da ya hana ni barci shi ne abin da likitar ta faɗa mini a bakin ƙofa. Na tambaye ta ko da mun zo da wuri da wata biyar, da an cece shi. Ta ce da ya samu sauƙin wahala, amma asalin abin ya daɗe. Wannan ƙwayar cuta takan shiga jikin mutum tun yana jariri ko yana yaro, ta zauna shekara 20, 30, 40 ba ciwon kai ba zazzaɓi, tana cin hanta a hankali, har hantar ta ƙanƙance ta taurare, ko ta rikiɗe ta zama daji. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, sau da yawa an makara. Abin da zai taimaki Baffa shi ne gwajin jini na 'yan mintoci da ya kamata a yi masa shekara goma baya, lokacin da yake da ƙarfinsa yana ɗaga huhu shi kaɗai. Da an gano, akwai ƙwayar magani da ake sha kullum tana danne cutar ga wanda likita ya ga yana buƙata, kuma akan duba hantar da hoto duk wata shida, don in wani abu ya tsiro a kama shi yana ƙarami.

Ba Baffa kaɗai ba ne. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta. Ku ƙirga sahun masallacin Juma'a guda ɗaya a Agege, ku ga nawa ke nan. Ciwon daji kuma iri-iri, ƙididdigar hukumomin lafiya na duniya ta ce yana kama sama da mutum 120,000 a ƙasar nan duk shekara, yana kashe kusan 80,000. Mu kuwa kalmomin da muke rufe gawarwakinmu da su ba su wuce uku ba: shawara, jifa, da "gajeriyar rashin lafiya".

Wata huɗu ya ƙara a duniya. Ba zan ba ku labarinsu duka ba. Akan kai shi a zuƙe ruwan cikin, ya samu kwana kaɗan yana numfashi sosai, ruwan ya sake taruwa. Naira tana faɗuwa, maganin rage zafi da muka saya wancan sati sai mu tarar ya ƙara kuɗi wannan sati. Uwargida ta sayar da 'yan kunnenta, aka sayar da filinsa na gida da ya ce a nan zai gina inda zai huta in ya bar Ikko. Da dare ba ya iya kwanciya, sai a jingina shi da bango a tara masa matasai, jikinsa yana ƙaiƙayi har ya sosa ya yi jini. Sallah a zaune, daga baya da ishara. Wani dare ina karanta masa Yasin, na ɗauka barci ya ɗauke shi, sai na ji ya ce a hankali, "An yayyafa wa kayan nan ruwa kuwa?" Na ce an yayyafa. Ya ce, "A duba na ƙasan." Bayan kwana uku, ana kiran assalatu, hazon hunturu ya fara saukowa, Allah ya karɓi abinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zame masa kaffara.

Kun zo jana'iza, kun kyauta, Allah ya ba da lada. Layin gidan bai ɗauki mutane ba. An zo daga Mile 12, an zo daga abbatuwar Oko-Oba, abokan cinikinsa Yarbawa sun zo daga Shagamu suna hawaye. Buhunan shinkafa, katan-katan na ruwa, ambulan a hannun wannan, ambulan a hannun wancan. Ni aka ba riƙon littafin, don haka na san abin da nake faɗa: abin da aka tara daga ranar rasuwa zuwa sadakar uku ya ninka kuɗin hoton nan da muka yi sati biyar muna nema, ya ninka shi ba sau ɗaya ba. Na zauna a bayan gida da littafin a hannuna na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Ban ce kun ƙi shi ba. Yawancinku ba ku sani ba, shi ya hana a faɗa. Mutumin da ya saba bayarwa, mutuwa ta fi masa sauƙi a kan a tashi a masallaci a ce a taimaka wa wane. Kuma wannan ita ce matsalar da nake kawo muku. Hanyar taimakon da muke da ita guda ɗaya ce, a yi shela a zagaya da kwano, kuma mai mutunci ba zai bi ta ba. Mun iya adashi, mun iya gidauniyar gina masallaci, kowace ƙungiyar kasuwa tana karɓar kuɗin mako ko na wata. Me zai hana kowace ƙungiya ta ware wani kaso, a riƙe shi da sunan marasa lafiya, a damƙa shi ga mutum uku amintattu masu riƙe sirri, ɗaya daga cikinsu mace, waɗanda za su biya kuɗin gwaji ko magani kai tsaye a asibiti ba tare da an ambaci sunan kowa a lasifika ba? Malamanmu sun fi ni sanin inda zakka da sadaka za su shiga a wannan. Jihar Legas kuma tana da inshorar lafiya da ake kira Ilera Eko, gwamnatin tarayya ta yi dokar inshorar lafiya a 2022. Ba za ta ɗauke kowane nauyi ba, amma in ƙungiya ta yi wa 'ya'yanta rajista a dunƙule, mutum zai saba da ganin likita tun ciwo bai kwantar da shi ba.

Allah ya gafarta malam, ku nake roƙo fiye da kowa, domin abin da liman ya faɗa a mumbari ya fi takardar asibiti dubu shiga kunnen mutanenmu. Daga bakinku muka ji cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, daga bakinku muka ji a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Muna so mu ji huɗuba guda, ko sau ɗaya a shekara, da za a kira ciwon hanta da ciwon daji da sunansu. A ce wa jama'a gwaji ba ya kawo ajali kusa. A ce musu addu'a da rubutu ba sa hana zuwa asibiti, kuma duk idon da ya yi ɗorawa a kai shi a auna jini kafin a fara jiƙo, domin hantar da ta riga ta gaji, wani jiƙon ƙara mata nauyi yake yi. Ranar 28 ga Yuli ce ranar cutar hanta ta duniya, a zaɓi Juma'ar da ta fi kusa da ita, a gayyato ma'aikatan lafiya su kafa tebur a harabar masallaci. Muna da likitoci da nas-nas da ɗaliban likitanci 'yan Arewa a garin nan, na tabbata in sarki ya kira su za su amsa. Su ne kuma za su iya tsara mana masu tafinta, don kada a sake barin wani yaro shi kaɗai a gaban likita yana neman kalmar da zai gaya wa ubansa. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a Idi-Araba yake, ƙofa da ƙofa da unguwar mutanenmu, kuma tun 2019 aka buɗe cibiyar ciwon daji a cikinsa. Kusa yake da ƙafa, harshe da tsoro ne suka nisanta shi.

A faɗa wa mutane yadda cutar take yaɗuwa, don kada gyara ya zama ɓarna a fara gudun masu ita. Ba a ɗaukar ta a musabaha, ba a ɗaukar ta a cin tuwo kwano ɗaya ko tsayuwa sahu ɗaya. Ta jini take bi, da saduwar aure, da kuma daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Shi ya sa ake so a yi wa jariri allurar rigakafinta cikin awa 24 da haihuwa, kuma tun 2004 tana cikin alluran yara na ƙasar nan. Matanmu da yawa a gida suke haihuwa, ba a fita da jariri sai an yi suna, kwana bakwai sun wuce. Wannan magana ce ta ungozomomi da iyayenmu mata, amma sai maigida ya ba da izini da kuɗin mota. Jihar Kano ta yi doka a 2024 cewa a yi gwajin lafiya kafin aure, har da na cutar hanta. Limamanmu na nan ba sai sun jira doka ba kafin su nemi takardar gwaji a wajen ɗaurin aure. In an samu ɗaya yana da ita, ba dole a fasa ba, akan yi wa ɗayan rigakafi.

Iyayenmu wanzamai, da ƙannenmu masu yankan farce da ke zagaya Ikko suna kaɗa almakashi, sana'arku halal ce, kuma ba wanda ya isa ya raina askar da ta yi mana kaciya. Amma askar da ta taɓa jinin wani, goge ta da tsumma ko tsoma ta a ruwa ba ya kashe wannan ƙwaya, tana iya rayuwa kwanaki a kan ƙarfe. Sabuwar reza ga kowane kai, kayan ƙaho da na kaciya a dafa su sosai, a ƙara kuɗin a kan mai aski, za mu biya. 'Yan hatsi kuma, gyaɗa da masarar da suka sha danshi suka yi fumfuna suna ɗauke da wata guba da take haɗuwa da wannan cuta su ƙarasa hanta. Na san asara da ciwo, amma kada a niƙa irin wannan a sayar wa talaka don ya fi araha.

Matanmu suna da nasu kason na wannan shiru. Mace za ta ji ƙullutu a mama ta ɓoye shekara guda saboda kunya. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta, amma jita-jita ta riga ta shiga gidajenmu. A bar malamai mata na Islamiyya su zauna da likitoci mata su ji gaskiyar abin, su kai wa 'yan uwansu.

Bayan sadakar arba'in na cika alƙawarin da na yi wa likitar, na kwashi iyalin Baffa muka je gwaji, ni ma na miƙa hannuna. Yawancinmu ba mu da ita, aka fara mana allurar rigakafi, guda uku ce a cikin wata shida. Amma babban ɗansa, wanda ya gaji shagon, yana ɗauke da ita. Saurayi ne ƙaƙƙarfa, ko ciwon kai ba ya yi, da aka gaya masa dariya ya yi ya ce injin ne ya lalace. Yanzu yana hannun likita, an duba hantarsa lafiya lau, duk wata shida muna komawa. Matarsa ta yi rigakafi, jaririyar da suka haifa bana an yi mata allura tun ba ta kwana a duniya ba. Da izininsa na faɗi wannan, ya ce in faɗa ko wani zai ji ya je.

Ina roƙon a ba mu Juma'a ɗaya a masallaci ɗaya mu fara. Ni da shi za mu ɗauko tebur da kujeru, za mu nemo masu gwajin, kuma shi ya ce zai fara tsayawa a gaban jama'a ya yi bayani da bakinsa. Wanda duk aka aiko zai same mu a shagon Baffa bayan sallar asuba, lokacin da ake kwance kaya.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara wa malamanmu lafiya, ya jiƙan Baffa da mahaifina da dukkan Musulmin da suka riga mu.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
daga Agege, Legas.